Laftof ɗinka ta mutu? Ga yadda zaka sa had disk ɗinta a kes ya ci gaba da yi maka aiki

Laftof in ta mutu ba duka take mutuwa ba. Yawanci bod ne ya ƙone, ko sikirin ya fashe, ko shayi ya zube a kibod, amma had disk ɗin da ke cikinta lafiyarsa ƙalau, yana nan kwance da hotunan biki da na suna da takardun makaranta da karatuttukan malamai da mutum ya ɗau shekaru yana tarawa. Abin da ke min ciwo shi ne yadda ake haɗa ta gaba ɗaya a miƙa wa 'yan gwangwan da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ko a bar ta shagon mai gyara har a manta da ita, alhali da sukurudireba ɗaya da ɗan kes mai araha zaka ciro kayanka kuma ka samu wurin ajiya na gig 500 ko tera ɗaya.

Shi kes ɗin nan ba wani abu bane illa ɗan akwati da ƙaramin bod a ciki, gefe ɗaya yana karɓar bakin had disk ɗaya gefen kuma yana fitar da USB. Duk inda ake sayar da kayan kwamfuta ana samunsa, Beirut Road a Kano, Banex a Abuja, Computer Village a Ikeja, kace musu kes ɗin had disk kake so zasu gane. Amma don Allah kar ka fara da siyan kes. Ka fara ciro disk ɗin ka gan shi da idonka tukuna, don ba iri ɗaya bane, kuma da yawa sai sun siyo sun dawo gida sannan suga baki bai hau baki ba.

Wajen cirowa, kashe laftof ɗin, zare caja, in batirin mai fita ne cire shi. Tsofaffin laftof suna da 'yar ƙofa a ƙasa da sukuru ɗaya ko biyu, ita zaka buɗe, na baya-bayan nan kuwa sai ka kwance murfin ƙasan duka, kuma wani lokacin akwai sukuru a ɓoye ƙarƙashin robar ƙafa, in kaji murfin ya ƙi tashi kar ka sa ƙarfi, akwai wanda baka kwance ba. In lokacin hunturu ne da jiki ke tara wutar nan da kake taɓa ƙofar mota taja ka, toh ka fara taɓa wani ƙarfe kamar ƙofa ko famfo kafin ka sa hannu a ciki. Disk ɗin ja baya ake yi da shi ya zare daga bakinsa sannan a ɗaga, ba ɗagawa ake fara yi ba. Riƙe shi ta gefe-gefe, kar ka taɓa koren bod ɗin da ke ƙasansa kuma kar ka danna murfin saman da yatsa. Zaka ga yana cikin wani firam na ƙarfe ko roba da sukuru huɗu, kwance su. Sannan ka duba bakinsa da kyau, wasu laftof musamman tsofaffin HP da Dell suna maƙala wani ɗan baƙin adafta siriri a bakin disk ɗin, ya zauna daram har ka ɗauka da shi aka ƙera shi, mutum yaita ƙoƙarin tura shi cikin kes yana ƙi yace kes ɗin ne ba daidai ba, alhali adaftan ne kawai za'a zare a hankali sai ainihin bakin ya fito.

Yanzu ka gane wanne ne a hannunka. Na laftof shi ake kira inci 2.5, na kwamfutar tebur kuma babba mai nauyi inci 3.5. In bakin shafaffe ne kashi biyu, ƙarami mai layi 7 na bayanai da babba mai layi 15 na wuta, wannan SATA ne, kuma shi ne kusan duk abin da zaka tarar. In kuwa kaga allurai ne jere layi biyu, 44 a na laftof 40 a na tebur, wannan IDE ne tsohon yayi, tun 2003 SATA ya fito ya fara ture shi. Ra'ayina akan IDE, kar ka wahalar da kanka neman masa kes, yawancinsu gig 40 ne ko 60 ko 80, filash ɗin aljihunka ma ya kai haka, ka samu kebul ɗin adafta na USB mai baki uku ko ka kai wa mai gyara ya kwashe maka kayanka shikenan. Sai kauri, akwai milimita 7 akwai 9.5, su ne na laftof kuma kusan kowane kes yana ɗaukarsu, in mai 7 ne yana rawa a ciki ka manna ɗan soson da ke zuwa da kes ɗin. Akwai masu kauri har 15, waɗannan ba kowane kes suke shiga ba.

In ka buɗe baka ga akwatin disk ba sai wani siririn bod mai tsawon yatsa da sukuru ɗaya a wutsiyarsa, wannan SSD ne, wato ma'ajiyar da babu faifai mai juyawa a cikinta, irin M.2, kuma kes ɗinsa daban. Shi ma kashi biyu ne, akwai SATA akwai NVMe, suna kama a ido amma kes ɗin wannan ba lallai ya karanta wancan ba, ka karanta takardar da ke manne a jikinsa ko ka tafi da shi kasuwa, akwai kes mai ɗaukar duka biyun in ka samu shi ka ɗauka. Ƙananan laftof masu arahar nan kuma masu gig 32 ko 64, da yawansu ma'ajiyar a like take a jikin bod, babu abin cirewa.

Wajen zaɓen kes, ka tsaya akan USB 3.0 kar ka yarda da 2.0 ko da an rage maka kuɗi. Na 2.0 a aikace mega 30 zuwa 35 yake turawa a sakan, wato gig 100 zai ci maka kusan awa guda, shi kuwa 3.0 ya fi ƙarfin disk ɗin ma, disk ɗin laftof mai juyi 5400 a minti zai baka wajen mega 80 zuwa 100, aikin ya ƙare a minti ashirin ko kusa da haka. Alamar 3.0 ita ce shuɗin harshe a cikin bakin USB ɗin, sai dai akwai na jabu da shuɗin kawai suka saka, ciki 2.0 ne, shi yasa nake cewa in da hali ka tafi da disk ɗin da laftof a gwada a gabanka, ka tura babban fayil ɗaya ka kalli lambar da take nunawa. Ni na fi son mai bakin Type-C, saboda mai faɗin bakin nan mai tsaga a tsakiya da ake kira Micro-B saurin lalacewa gare shi, kana ɗan taɓa kebul sai disk ya ɓace ya dawo, kuma irin wannan yankewar a tsakiyar kwafi ita ke ɓata fayil. In zaka iya ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki na alminiyom akan na roba, zafin Maris da Afrilu a garuruwanmu ba wasa bane, ƙarfen yana taimakawa wajen fitar da zafi.

Maganar wuta ita ce inda ƙarami da babba suka rabu. Na inci 2.5 wutar 5V ta USB ta ishe shi, kebul ɗaya ne aikin duka. Bakin 2.0 yana bada miliamp 500 ne, na 3.0 kuma 900, shi yasa wani disk ɗin a tsohon baki zakaji yana ƙoƙarin tashi yana kasawa, kana maida shi shuɗin baki sai ya tashi. Na inci 3.5 kuwa dole sai da wutar 12V daga soket, kes ɗinsa da adaftansa yake zuwa, yawanci 12V 2A aka rubuta a jiki. Toh anan ka buɗe kunne da kyau. Kan cajar wasu laftof daidai yake da kan wannan adaftan, yana shiga lafiya lau, amma ita caja 19V take fitarwa. Kana sokawa zakaji ɗan ƙauri, shikenan bod ɗin disk ya tafi. Ka samu salatif ka naɗa a wayar adaftan ka rubuta 12V da maka, a ajiye shi tare da kes ɗin kullum, musamman a gidan da yara ko ƙanne ke ɗaukar duk cajar da suka gani. Kuma ka sani babban disk in NEPA ta ɗauke yana tsakiyar rubutu take yake tsayawa, shi kuwa ƙarami batirin laftof na riƙe shi, saboda haka a yanayin wutarmu ƙaramin ya fi kwanciyar hankali, babban kuma in ba kana da inbata ko UPS ba ka riƙa jona shi lokacin da zaka yi ajiya kawai ka gama ka kashe.

Sa shi a kes ɗin ba wuya, tura bakin ya zauna har ƙarshe, rufe, jona. Kasa kunne. Lafiyayyen disk zakaji ya fara juyawa a hankali, ɗan kas-kas kaɗan sai yayi shiru yana huci ƙasa-ƙasa, in ka ɗora yatsa a kan kes ɗin zakaji motsinsa. In bai fito a This PC ba kar ka tsorata, danna maɓallin Windows da X tare ka zaɓi Disk Management, zaka gan shi a ƙasa. Wani lokacin harafi ne kawai bai samu ba, danna dama a kansa ka shiga Change Drive Letter ka bashi ɗaya. In an rubuta Offline danna dama ka maida shi Online.

Abin da nake roƙonka shi ne, in wani saƙo ya faɗo yana cewa sai kayi fomat kafin kayi amfani da disk ɗin, danna Cancel. Kar ka danna komai sai Cancel. Wannan saƙon ba yana nufin babu komai a ciki bane, yana nufin Windows bata gane tsarin ba ne. Disk ɗin da ya fito daga MacBook ko daga kwamfuta mai Linux haka zata ce, maganinsa a jona shi a irin kwamfutar da ya fito. In kuma kaga hoton kwaɗo a kansa, BitLocker ne, wato makullin da Windows ke kulle disk da shi, zai nemi mabuɗi mai lamba 48, mafi yawan lokaci yana ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka shiga laftof ɗin da shi, ka shiga asusun ta waya ka duba, in babu mabuɗin nan babu mai gyaran da zai buɗe maka komai iyawarsa.

In ya buɗe, kayanka suna cikin foldar Users, ƙarƙashin sunan da kake amfani da shi. Windows zata ce baka da izini, danna Continue ka jira, yakan ɗau mintuna in kayan da yawa. Duba Desktop da Documents da Pictures da Downloads, kar ka manta da ɗaya ɓangaren in da can an raba disk ɗin C da D. Fara kwashe abin da in ya ɓata ba'a sake samu, hotunan iyali, takardu, aikin makaranta, lissafin shago. Fina-finai su jira, ana sake turo su ko yaushe. Kuma ka bar antibairos ya zaga shi, tsohuwar laftof ɗin da ta sha filash ɗin kafe da na shagon fotokwafi ba'a rasa ta da bairos ɗin nan mai maida folda shotkot.

Sai da kayanka suka tsira sannan zamu zo ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, kuma shi ne mutane suke tsallakewa, wato duba lafiyar disk ɗin. Disk yana buɗewa ba shi ne yana da lafiya ba. Kowane had disk yana rubuta tarihin lafiyarsa da kansa a wani tsari da ake kira SMART, kuma akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta maka shi. Tana buɗewa zaka ga launi, shuɗi da Good lafiya, rawaya da Caution akwai matsala, ja da Bad ya kusa tafiya. Kar ka tsaya a launin, gangara ƙasa ka nemi layi uku, mai lamba 05 da C5 da C6, ka kalli lambar ƙarshe ta hannun dama. Na 05 yana ƙirga guraben da suka lalace disk ɗin ya canza su da na ajiya, C5 guraben da ya kasa karantawa yana jiran yaga abin da zai yi da su, C6 kuma waɗanda suka gagara. Abin da kake so shi ne sifili a dukkansu. In akwai 'yan kaɗan a 05 kuma basa ƙaruwa, zai iya ɗaukar fina-finai da wasanni, abin da in ya ɓata ba zaka yi kuka ba. In C5 ko C6 suna da lamba, ko kuma ka duba yau ka duba bayan sati kaga ta hau, wannan disk ɗin ba wurin ajiyar amana bane, kar arahar ta ruɗe ka. A sama kuma zaka ga awannin da ya yi yana aiki da zafinsa, in yana haura digiri 50 lokacin kwafi ka bashi iska ko ka buɗe murfin kes ɗin. Wani kes ɗin mai araha sosai baya barin manhajar ta ga disk ɗin kwata-kwata, in hakan ta faru a wani kes ɗin ko kebul ɗin adafta zaka gwada.

In kuwa kana jonawa kaji ƙas, ƙas, ƙas a jere ba tsayawa, ko wani ɗan kuka siriri, fara canza kebul da bakin USB, in kwamfutar tebur ce gwada bakin baya, don ƙarancin wuta ma yana sa haka. In ya ci gaba, zare shi. Cikin disk faifai ne ke juyawa da ɗan hannu mai karatu a kansa kamar garmaho da allurarsa, sai dai shi wannan baya taɓa faifan, shawagi yake a samansa da tazarar da ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, in ya fara gogar faifan duk jonawar da zaka ƙara ƙara kankare bayananka kake. Kar ka buɗe shi ka leƙa, kar ka bubbuga shi, kar ka sa shi a firiji kamar yadda wasu ke faɗa, kuma kar ka sa masa chkdsk, wato umarnin Windows na duba disk da gyara shi, yana wannan halin. In abin da ke ciki mai tsada ne a wurinka sai masu aikin ceto bayanai.

Toh disk ya nuna lafiya, kayanka suna wani wuri daban, yanzu sai a share shi ya zama sabo. Tsohon disk ɗin Windows yana da ƙananan ɓangarori, Recovery da EFI, waɗanda Disk Management bata yarda ka goge. Hanyar ita ce ka buɗe Command Prompt a matsayin admin, ka rubuta diskpart, sannan list disk, ka gane naka ta girmansa, sai select disk da lambarsa, sai clean. Kafin ka danna clean ɗin nan ka zare duk wani filash da wani disk da ke jone, ka sake rubuta list disk ka tabbatar alamar tauraro (*) da ke farkon layi tana kan wanda kake nufi, saboda baya tambayarka ko ka tabbata, kuma in disk ɗin da ke laftof ɗinka girmansu ɗaya ka duba lambar a Disk Management tukuna. Daga nan koma Disk Management zata ce kayi Initialize, wato ka zaɓi tsarin raba disk ɗin, GPT ko MBR. In disk ɗin ya wuce tera 2 dole GPT, in bai kai ba kuma kana son jona shi a talabijin ko tsohuwar na'ura MBR ya fi karɓuwa.

Sai tsarin fomat. In a Windows kawai zaka riƙa amfani da shi zaɓi NTFS, ya fi jure yankewar wuta. In zaka riƙa yawo da shi tsakanin Windows da Mac zaɓi exFAT, don Mac yana karanta NTFS amma baya rubutu a kai, sai dai exFAT baya son a fizge shi ba sallama. FAT32 baya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gig 4, sai in talabijin ɗinka shi kaɗai ta sani. Shawarata ka cire alamar da ke kan Quick Format ka bar shi yayi cikakke, zai ɗau awanni, amma zai bi kowane gurbi ya rubuta sifili, wato jarrabawa ce ta gaske, in ya gama ka sake buɗe CrystalDiskInfo kaga ko lambobin nan uku sun motsa. In kaga mai gig 500 ya nuna 465, ko mai tera ɗaya ya nuna 931, ba cutarka akayi ba, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows.

Wajen amfani, ka ɗauke shi a matsayin kwafi na biyu. Duk abin da yake cikinsa shi kaɗai babu a wani wuri, toh ba ajiya kayi masa ba, ƙaura kawai kayi masa zuwa tsohon disk. Kar ka motsa shi yana juyawa, kar ka bar shi yana lilo a kebul daga kan tebur, faɗuwa ɗaya ta isa. Kullum kayi Eject ka jira juyin ya tsaya kafin ka zare, kar a bar shi cikin mota a rana. A waya ta OTG wani lokacin yana tashi wani lokacin wutar wayar bata isa, sai da hob mai nasa adaftan. Masu PS4 kuma yana karɓar daga gig 250 zuwa tera 8 in dai USB 3.0 ne, amma zai yi masa nasa fomat ɗin. Wanda laftof ɗinsa ke raye amma tana jan ƙafa shi ya fi kowa cin riba, ya sa mata SSD, tsohon disk ɗin ya koma kes.

In kuma zaka bayar ne ko sayarwa, ka sani goge fayil da Quick Format basa share komai, manhajar dawo da fayil ta kyauta ma tana fito da hotunan iyalinka da hoton katin shaidarka. Yi cikakken fomat ko clean all a diskpart ka bari ya kai ƙarshe. Haka in na hannu ka siyo ka tarar da kayan wani a ciki, ba naka bane, share ba tare da ka buɗe ba. Disk ɗin da ya mutu murus kuma ba'a iya share shi, kafin ka bawa 'yan gwangwan ka huda shi da dirila wuri biyu ko uku, ko ka naɗe shi a tsumma ka sa masa guduma, tsumman dole ne don faifan na laftof da yawa gilashi ne kuma tarwatsewa yake.